Bayan Wuta Ta Mutu: Girkin Yashi a Hanyar Fazzan

Yau idan aka ambaci fulas ko kula, tunaninmu ba ya wuce ruwan shayi da abincin biki. Amma ni a ganina dabarar da ke cikinsu ta girme su nesa ba kusa ba, kuma inda ya kamata a nemo ta shi ne hanyar da kakanninmu fatake suka bi zuwa Fazzan, yankin kudu maso yammacin Libiya wanda Sabha ce babban birninsa a yanzu.

Kafin Sabha ta ɗaukaka, Murzuk ce cibiyar ciniki. Ayari kan tashi daga Kano, ya bi ta Damagaram da Agadas da Gat, ya yada zango a Murzuk, sannan ya yi arewa ta dausayin Sabha har Tarabulus. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya bar Tarabulus a 1850, ta Murzuk da Gat da Agadas ya biyo, bai iso Kano ba sai a watan Fabrairun 1851. Tafiya ce ta watanni a ƙasar da za a kwana a wuni ba a ga bishiya ba. Ɗan itacen da aka tsinta da busasshen kashin raƙumi su ne makamashi, don haka wutar da aka hura sau ɗaya dole a ci moriyarta har ƙarshe.

Nan Buzaye da mutanen Fazzan suka gwanance. Sai a hura wuta a kan yashi, in ta zama garwashi a ture shi gefe, a shimfiɗa kwaɓaɓɓen garin alkama a gurbin, a rufe da yashi mai zafi da toka. In gefe ɗaya ya gasu a juya, a sake binnewa. Daga nan a tono, a kakkaɓe, a gutsuttsura cikin miya. Wannan burodi shi Buzaye ke kira tagella. Nama ma haka: a tona rami, a tara garwashi, a sa naman, a rufe bakin ramin da yashi har ya yi laushi. 'Yan Libiya na kiransa burdim, kuma har gobe ana yin sa.

Sirrin ɗaya ne. Busasshen yashi ba ya saurin sakin zafi, saboda iskar da ke tsakanin ƙwayoyinsa. Abin da James Dewar ya yi ke nan a Landan a 1892, sai dai shi kwalba ya ƙera mai bango biyu, ya zuƙe iskar da ke tsakani. A 1904 aka fara sayar da ita a Jamus da sunan Thermos.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fanni. Mai gurasa a Kano tanderu take fara zafafawa, zafin da yumɓu ya riƙe shi ke gasa mata. Yaro kan binne dankali a toka, tsohuwa kan rufe garwashi da dare ta tashe shi da asuba.

Abin da ya sa nake tuno wannan tarihi shi ne, ƙarancin da ya koya wa fatake dabara yau ya iso ƙofar gidanmu. Itace ya yi tsada, gawayi na cinye dazuzzuka, gas ya gagari talaka. Alhali shinkafa ko wake da ya tafasa sosai, in aka sauke tukunyar a rufe, aka naɗe ta da tsohon bargo cikin kwando, da kansa zai ƙarasa nuna. Sharaɗin kawai a bar wake ya yi aƙalla minti 10 yana tafasa, kuma a ci abincin da zafinsa. Madugu bai taɓa barin zafi ya tafi a banza ba, mu da muka gaje shi bai kamata mu bari ba.