Amfani da ƙaramin allo a aji mai cunkoso

Malam, idan aka ba ka ajin CI a Tawa ko a ƙauyukan Adar, ba za ka iya duba littafin kowane yaro kullum ba. Ƙaramin allo da alli za su rage maka wannan nauyi. Ana kiran dabarar La Martinière, sunan wata makaranta a birnin Liyon na Faransa inda aka fara ta a ƙarni na 19.

Yi tambaya ɗaya gajeriya, misali 7 a tara da 5. Kada kowa ya taɓa alli tukuna. Ba su lokaci su yi tunani. Ka buga tebur, su rubuta. Ka sake bugawa, su ɗaga alluna gaba ɗaya. Fara dubawa daga layin baya, domin can ne masu rauni suke ɓuya. Idan yara da yawa sun rubuta 21 maimakon 12, sun iya lissafin. Matsayin lambobi ne bai zauna musu ba. Koma kansa nan take da tsinkaye ɗaure goma-goma. Kada ka ambaci sunan wanda ya kuskure, balle ka ɗauki bulala.

Wajen Abalak da Tabalak, wasu ɗalibanka Tamashek ko Fulatanci suke ji a gida. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa cikin harsunan ƙasa. Zaunar da irin wannan yaro kusa da mai jin harsunan biyu, ka bari ya fassara masa tambayar kafin bugun farko.