Mas'alar Mata-Maza Tsakanin Malaman Fiƙihu da Likitoci: Waiwaye a Kan Tarihin Alamomi

Duk ɗalibin da ya sauke Muhtasar na Shaihu Halil ya san cewa da mas'alar hunsa, wato mata-maza, aka rufe littafin. A can aka jero alamomin da suke kawar da rikitarwa: ta inda fitsari yake fita, da wace mafita ce ta riga ko ta fi yawa, sai tsirowar gemu ko nono, da zuwan haila ko maniyyi. Idan babu wadda ta rinjaya, Malikiyya suna ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Mamacin da ya bar ɗa guda da hunsa mushkili, sai a kasa dukiyarsa gida 12, ɗan ya ɗauki 7, hunsan ya ɗauki 5. Hanafiyya suna ba shi mafi ƙarancin rabo biyun, Shafi'iyya kuwa suna ba kowa abin da yake tabbas, a jingine saura har lamarin ya bayyana.

Babbar alamar, wato mafitar fitsari, ta girmi Musulunci. Ibn Hisham ya kawo labarin Amir bin Zarib, alƙalin Larabawan Jahiliyya, wanda aka kai wa wannan ƙara ta hana shi barci, har baiwarsa mai kiwo ta nuna masa ya bi mafitar fitsari. An ruwaito irin wannan hukunci daga Sayyidina Ali (RA), malamai suka karɓa. Sai dai sun riƙe shi a matsayin alama abar lura, shi ya sa suka yi saɓani a cikinsa ba tare da jin nauyi ba. Abu Yusuf da Muhammad bin Hasan sun yi la'akari da yawan fitsarin, malaminsu Abu Hanifa ya ƙi, yana ganin ba aikin alƙali ba ne auna fitsari. Wasu sun ce a ƙirga haƙarƙari, bisa zaton na namiji ya gaza na mace da ɗaya. Malamai da yawa sun yi watsi da wannan, kuma ilimin fiɗa ya gaskata su, domin kowanne jinsi haƙarƙari 24 gare shi.

Likitocin Musulmi ma ba su kau da kai ba. Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya ware fasali a sashen tiyata na littafinsa Attasrif a kan yi wa hunsa aiki. Abin da ya ɓuya gare su, su da Yunanawan da suka gabace su, shi ne yadda jinsi yake samuwa a cikin mahaifa.

Wannan bai fara bayyana ba sai a 1905, lokacin da Nettie Stevens a Amurka ta lura da bambancin kuromosom tsakanin maza da matan wani ƙwaro. A 1947 Alfred Jost na Faransa ya cire tushen maraina daga 'yan tayin zomaye, sai suka taso da siffar mata, abin da ya nuna cewa siffar namiji tana jiran sinadaran da maraina suke fitarwa. A 1956 aka tabbatar da cewa kuromosom ɗin ɗan Adam 46 ne, a 1990 kuma aka gano ƙwayar gadon da ake kira SRY a jikin kuromosom Y. Ita ce take juya tushen gaɓar zuwa maraina wajen mako na 7, kafin nan tayin namiji da na mace ba su rarrabu a siffa ba.

Mai gaggawa zai ce gwajin jini ya shafe babin hunsa mushkili daga fiƙihu. Wannan kuskure ne. Akwai mai ɗauke da XY wadda jikinta ba ya amsa sinadarin mazantaka, ta tashi mace a zahirinta, da nono, amma babu mahaifa babu haila. A 1974 an bayyana wasu yara a Jamhuriyar Dominika waɗanda aka rene su a matsayin mata, da suka balaga sai murya ta buɗe, gaba ya girma. Da an yanke musu hukunci ranar suna, da an zalunce su a gado da aure. Jinkirin da malamai suka yi har zuwa balaga, wanda wasu suke ɗauka gazawar zamaninsu ce, ya dace da yadda jiki yake kammala bayyana kansa.

A 1989 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta zauna a Makka, ta haramta sauya jinsin wanda halittarsa ta cika, ta halatta yi wa mata-maza magani da tiyata domin bayyanar da ɓangaren da ya rinjaya. Hukuncin ya rataya ne a kan rinjaye, ga shi kuwa alamomin sun ƙaru: kuromosom, da nau'in gaɓar ciki, da sinadaran jiki, da siffar waje, kuma sukan saɓa wa juna a jiki ɗaya. Tsofaffin littattafai sun tsara wace alama ake gabatarwa a kan wace, amma ba su san tiyatar jarirai ba, wadda kan yanke gaɓar da za a jira shaidarta tun yaron yana goye.