Tantancewa

tantancewa (suna, mace, daga aikatau *tantance*)

1. Rarrabe abu da abu har gaskiya ta fito fili: *Sai da aka yi tantancewa aka gane mai gonar.*

2. A fannin tsaron bayanai, tabbatar da cewa mutum shi ne wanda yake iƙirari, kafin a buɗe masa asusu ko waya. Faɗin suna da'awa ce kawai, tantancewa ke kawo hujja. Hujjar iri uku ce: abin da mutum ya sani, kamar lambar sirri, abin da ke hannunsa, kamar katin ATM, da abin da ke jikinsa, kamar zanen yatsa. Lambar BVN, wadda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014, an haɗa ta da zanen yatsan mai ita. A zaɓen 2023, na'urar BVAS ce ta tantance masu zaɓe a rumfunan Dutse da Kiyawa.

*Misali:* A kasuwar Shuwarin, mai POS ya miƙa wa dattijo na'ura ya kau da kai, ya ce, "Baba, danna da kanka, kada ka faɗa mini."

*Dubi:* shaida, amana.

*Jan hankali:* Da tantancewa ake sanin wanda za a tuhuma. Duk abin da aka yi da lambar sirrinka, sunanka na'ura za ta rubuta. Kada ka ba kowa ita, ko da ya kira ya ce daga banki yake.