Fitilun Tashar Masunta ta Newlyn

Newlyn tashar masunta ce a yankin Cornwall, kudu maso yammacin Ingila. Kula da fitilu da sauran alamomin da ke nuna wa jiragen kamun kifi hanyar shiga tashar nauyi ne a wuyan hukumar tashar. Sai dai dokar jiragen ruwa ta 1995 ta hana ta kafa fitila, ko cire ta, ko sauya ta, sai da amincewar Trinity House, hukumar da Sarki Henry na Takwas ya ba wa izini a 1514, wadda kuma ke duba fitilun. Tsaurin ya dace, domin masuncin da dare da hazo suka rutsa da shi, ransa na ga fitilar nan. Mai shigowa yana barin jar alama a hagunsa, koriya a damansa.