Yadda Tsire Ya Zama Abincin Dare a Legas da Badun

Duk wanda ya zaga Obalende ko Allen Avenue a Ikeja bayan isha'i ya san abin da muke nufi: ga mashaya cike da kiɗa, ga ɗan'uwanmu a bakin ƙofa yana fifita tukuba. Shi ba ya sha, su kuma ba sa jin daɗin zaman sai da namansa. Yaranmu da aka haifa a nan Kurmi sun tashi sun tarar da abin haka, har wasunsu na jin kunyar a ce ubansu mai tsire ne. Saboda su muka ga ya kamata a waiwayi asalin wannan maƙwabtaka.

Maganar ta faro ne daga shanu. Dajin ƙasar Yarabawa na da ƙudan tsando mai sa wa dabba sammore, don haka shanun Arewa ba sa daɗewa a nan. Dole a kawo su, a yanka da wuri. Da can fatake ke koro su da ƙafa, su koma da goro. Da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, tafiyar makonni ta koma ta kwanaki, mutanenmu kuma suka ƙaru a garuruwan da ke kan hanya. A 1916 aka kafa unguwar Sabo a Badun. Wani Bature masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna da mutanen Sabo a farkon shekarun 1960, ya kuma bayyana yadda kara ke tafiya: mai shanu ya sauka gidan maigida, dillali ya haɗa shi da mahaucin Bayarabe, a ba da sa bashi babu takarda, maigida ya tsaya wa kuɗin. Amana ce jarin. Mahauci ya ci bashi ya ƙi biya, to ya rufe wa kansa kara.

Inda shanu suka sauka kuwa, mahauta na biye. Su suka zo da tukuba, da tsinke, da yajin ƙuli-ƙuli da citta da barkono. Mu a gida mun bambanta tsire da balangu da kilishi. Mutanen Kudu suka ɗauki kalmarmu ɗaya, suya, suka yafa wa duka, har ta shiga bakin Turawa.

Ita giya ta biyo wata hanya dabam. Bayan yarjejeniyar Brussels ta 1890, Turawan mulki sun hana shigar da barasa Arewa, alhali a Kudu harajin barasar da ake shigowa da ita daga Turai na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnati. Ogogoro, wadda ake dafawa daga bammi, haramta ta suka yi, kuma ba tausayin mashaya kaɗai ya sa su ba, tana rage musu haraji. A 1949 kamfanin giya na Legas ya fitar da kwalbar Star ta farko, daga nan gidajen giya suka yi ta yaɗuwa a unguwannin ma'aikata. Ma'aikaci ya tashi aiki, yana son abin taunawa mai yaji da zai saya da ƴan sulalla. Mai tsire yana neman inda mutane ke kai dare. Haka suka haɗu, ba tare da wani ya shirya ba.

Ba mu ɓoye cewa abin ya sha jawo muhawara a tsakaninmu. Akwai malaman da ke ganin kafa tukuba a ƙofar mashaya bai dace ba, akwai masu cewa naman halal ne, cinikin ma halal. Da yawa daga cikin dattawan sana'ar sun zaɓi bakin titi ko kusa da mai shayi, mai sha ya aiko a saya masa. Abin da ba a musu a kai shi ne kuɗin tukuba ya gina gidaje a Kano da Sakkwato da Maraɗi, ya kuma biya wa yara da dama makaranta a Agege.

Baƙon da ya tambaye mu inda zai ci, mukan ce ya fara da Sabo ta wajen Mokola a Badun, da magariba, lokacin da naman farko ke sauka daga wuta. A Legas, Obalende da Glover Court a Ikoyi sun yi suna, amma farashinsu na masu mota ne. Mu dai Agege muka fi so. Ka ce a haɗa maka da ƙoda da tozo, a sa albasa da yawa, kada kuma ka bari a zuba yajin kafin ka ɗanɗana naman.