Tarihin Kuruza: Baburin da Mai Shi Ke Ƙarasa Ƙerawa

A cikin abubuwan hawa da ƙarni na 20 ya haifa, da wuya a sami wanda mai shi ke saurin kwancewa kamar babban baburin nan na Amurka da ake kira kuruza. Mutum zai yi shekaru yana tara kuɗi, ya saye shi sabo fil, amma kafin wata ya kama ya riga ya cire bututun hayaƙin, ya sauya sirdi, ya ɗaga ƙahon tuƙi, ya kai tankin mai wajen mai fenti. Wanda ya sayi mota sabuwa lallaɓa ta yake yi kamar ƙwai. Shi kuwa mai kuruza, sai ka ce abin da ya biya kuɗinsa bai kammala ba. Wannan ɗabi'a tana da asali, kuma asalin nata ya girmi sunan kuruza ɗin kansa.

Ga wanda bai saba ganinsa ba, ga siffarsa. Babur ne dogo, mai nauyi, sirdinsa a ƙasa-ƙasa yadda mahayi zai dafa ƙasa da tafin ƙafa biyu in ya tsaya. Wurin ɗora ƙafafu yana can gaba, saboda haka mutum yana zaune ne kamar a kujerar hutawa. Sunan ya fito daga wata kalmar Ingilishi mai nufin tafiya cikin natsuwa ba tare da gaggawa ba. A tsakiyarsa akwai inji mai silinda biyu da suka buɗe kamar harafin V, a fili, ba abin da ya rufe shi, domin injin yana cikin adon.

Kamfanoni biyu suka kafa wannan siffa: Indian, wanda aka buɗe a Springfield a 1901, da Harley-Davidson na Milwaukee, 1903. Tun 1909 Harley-Davidson ya fitar da injinsa mai silinda biyu da suka rabu da digiri 45. Fistin biyun suna haɗe a wuri ɗaya a jikin sandar da ke juyawa, don haka tashin wutar bai rabu daidai wa daida ba: ɗaya ya buga, bayan digiri 315 ɗayan ya buga, sannan a jira digiri 405. Daga nan ne wannan ƙara mai ɗingishi ta samo tushe, wadda kunne ke ganewa tun daga nesa. Irin wannan inji ba ya son juyawa da sauri, amma yana da ƙarfin ja tun daga ƙasa, kamar bijimin noma. Ya dace da ƙasar da aka yi shi dominta. Hanyar nan mai lamba 66 da aka buɗe a 1926, daga Shikago zuwa Kalifoniya, ta kai kilomita 3,900, wato ta ninka Yamai zuwa Damagaram fiye da sau huɗu, kuma yawancinta miƙe take. Mai bin irin wannan hanya ya fi bukatar zama mai daɗi da inji mai haƙuri a kan iya shan kwana.

Kwance babur ya fara ne daga filin tsere. A farkon shekarun 1930, lokacin babban karayar arziki, ƙungiyar masu babura ta Amurka ta buɗe wani rukunin tsere na baburan da kowa ke iya saye a kanti. Talaka zai hau nasa ya je filin, ya cire fitila da murfin tayar gaba, ya datse na baya, ya yi tsere, in an tashi ya koma gida a kansa. Duk abin da aka cire nauyi ne ya ragu, kuma rage nauyi shi ne ƙarin gudun wanda ba shi da kuɗi. Baburin da aka datse wa wutsiya haka shi ake kira boba. Ashe adon farko ragi ne, kuma talauci ya koyar da shi.

Yaƙin duniya na biyu ya yawaita abin. Harley-Davidson ya ƙera wa sojoji babura kusan 90,000, mafi yawansu samfurin WLA mai inji 740 cc. Da yaƙi ya ƙare a 1945 aka yi gwanjon rarar da arha, ga kuma samari da suka dawo gida da sanin gyaran inji, da zukata waɗanda zaman ofis bai ishe su ba. Suka saya, suka kankare koren fentin soja, suka zubar da akwatunan harsashi. Ina ganin a nan ne abin ya sami ma'anarsa ta biyu. Mutumin da ya yi shekaru sanye da kaya iri ɗaya da na dubban mutane, yana amsa lamba maimakon suna, ya sami wani abu guda da zai mai da shi yadda babu mai irinsa.

Mummunan suna ya biyo baya da sauri. A watan Yuli 1947 an yi taron masu babura a ƙaramin garin Hollister na Kalifoniya, aka sha giya, aka yi hayaniya a titi. Mujallar Life ta buga hoton wani mashayi a kan babur, kwalabe zube a ƙasa, hoton da wani da ya ga ɗaukarsa ya ce shirya shi aka yi. Daga wannan labari aka gina fim ɗin The Wild One na 1953, wanda masu Faransanci suka sani da L'Équipée sauvage. Abin dariya, baburin da Marlon Brando ya hau a ciki Triumph ne na Ingila. Duk da haka tambarin ya manne wa babban baburin Amurka: rigar fata, tsageranci, ƙin bin doka. Kamfanin ya yi shekaru yana gudun wannan suna kafin ya gano cewa haja ce.

A shekarun 1960 boba ya rikiɗe ya zama cofa, daga kalmar da ke nufin sara. Yanzu har ƙashin baburin ake yankawa a sake walda shi, a miƙar da ƙafar gaba ta yi tsawo, a sa siririyar taya, a ɗaga ƙaho har ya wuce kafaɗa. Gaskiya ita ce, irin wannan babur ya fi na kanti wuyar tuƙi, ba ya juyawa a ƙaramin wuri, wani ma ba shi da birkin gaba. Gudu ya koma baya, kallo ya shigo gaba. Fim ɗin Easy Rider na 1969, na Peter Fonda da Dennis Hopper, wanda ya sami lambar fim ɗin farko a bikin Cannes na wannan shekara, shi ya kai siffar ko'ina a duniya.

Akwai abin da ya kamata malamai su riƙe game da baburan wannan fim. Waɗanda suka tsara su suka kuma ƙera su baƙaƙen fata ne biyu na Los Angeles: Cliff Vaughs, ɗan gwagwarmayar neman ƴancin baƙar fata, da Ben Hardy, makaniki mai gareji. Tsofaffin baburan ƴan sanda aka saya a gwanjo, su suka mai da su abin da duniya ta gani, har da mai tankin nan da aka zana wa tutar Amurka. Sunayensu ba su fito a jerin ma'aikatan fim ɗin ba, kuma an yi shekaru da dama kafin labarin ya bazu. Baburin da ya zama alamar ƴancin farin saurayi a idon duniya, hannun waɗanda aka daɗe ana hana wa ƴanci ne ya haɗa shi. Tarihin fasaha cike yake da irin wannan shiru.

Kamfanin ya ga kuɗi suna zuwa gareji-gareji, ya ce bari ya shiga. A 1971 Willie G. Davidson, jikan ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gidan, ya ɗauki jikin babban baburin kamfanin ya haɗa shi da siririyar ƙafar gaba ta Sportster, abin da masu gareji suka daɗe suna yi. Aka kira shi Super Glide. A 1977 Low Rider ya biyo. Daga nan kuruza ya zama rukuni mai zaman kansa: babur da ya fito daga masana'anta da kamannin wanda aka riga aka taɓa.

Sai dai shekarun ba su yi wa Harley-Davidson daɗi ba. Kamfanin AMF ya saye shi a 1969, shekarar da Honda ya fitar da CB750 mai silinda huɗu, mai gudu, wanda ba ya ɗigar da mai. Ingancin baburan Milwaukee ya faɗi. A 1981 manyan ma'aikata 13 suka sake sayen kamfanin. A 1983 shugaba Ronald Reagan ya ƙara kuɗin duwan mai nauyi a kan baburan waje da suka wuce 700 cc, ƴan Japan kuwa suka rage injinansu zuwa ƙasa da wannan iyaka kaɗan suka ci gaba da ciniki. A wannan shekarar aka kafa ƙungiyar masu Harley da ake kira HOG, a 1984 kuma sabon injin Evolution ya fito tare da Softail, baburin da aka ɓoye wa sifirin baya a ƙarƙashi don ya yi kama da na 1940 ba tare da ya karya bayan mahayi ba. Kamfanin ya farfaɗo har ya roƙi a ɗage harajin a 1987, kafin wa'adinsa. Abin da ya cece shi bai wuce fahimtar cewa mai saye yana son tsohuwar kama, da jama'ar da zai shiga, da kundin kayan sauyi mai kauri da zai zauna yana zaɓa ba.

To ina ƙarfi ya shigo? Daga Japan. Sun lura cewa Ba'amurke yana son tseren miƙaƙƙiyar hanya, daga wannan fitilar titi zuwa waccan, sai suka sa injin gudu a jikin kuruza. Honda ya fara da Magna a 1982. Amma wanda ya zama uban rukunin shi ne Yamaha V-Max na 1985, mai silinda huɗu, 1,198 cc, da ƙarfin doki wajen 145 bisa faɗar kamfanin. In injin ya wuce juyi 6,000 a minti, wata ƙofa takan buɗe, kowace silinda ta riƙa sha daga kaburato biyu, babur ya zabura. Ƙashinsa da birkinsa ba su kai ƙarfin injin ba, yana rawa a kwana, shi ya sa masu shi suka duƙufa wajen ƙarfafa masa ƙafa da birki. A nan gyara ya koma ga manufarsa ta 1930.

Faransa ta karɓi V-Max a 1986 ta hannun Jean-Claude Olivier, shugaban masu shigo da Yamaha, mutumin da ya sha ratsa hamadarmu a tseren Paris-Dakar, wanda kuma yana cikin waɗanda suka sa aka yi baburin da ya ɗauki sunan Ténéré. Dokar Faransa ta lokacin ta hana babur wuce ƙarfin doki 100, sai a 2016 aka ɗage ta. Saboda haka an sayar da V-Max a can da dabaibayi, kuma aikin farko na masu shi da yawa shi ne kwance dabaibayin a ɓoye.

Harley-Davidson ya mai da martani a 2001 da V-Rod, wanda ya haɗa injinsa da taimakon Porsche na Jamus: digiri 60, sanyaya da ruwa, ƙarfin doki 115. Babur ne mai kyau, amma tsofaffin abokan ciniki suka ce muryarsa ba ta gidan ba ce. An daina yin sa a 2017. Wannan ya nuna matsayin ƙara a cikin lamarin. Kamfanin ma ya taɓa neman a yi masa rajistar ƙarar injinsa a matsayin tambari a 1994, ya janye a 2000 bayan masu gasa sun yi ta jayayya. Turai ta shigo da nata: Triumph Rocket III a 2004 da inji 2,294 cc, wanda ya fi na motoci da yawa, sai Ducati Diavel da aka nuna a Milan a 2010.

Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Damagaram ko Maraɗi ba zai sha wuyar gane zuciyar mai kuruza ba. Doki dai doki ne, amma sirdi da jalala da likkafa da linzami su ke faɗar ko wane ne a kai. Bambancin shi ne, kayan doki suna faɗar gidan da mahayi ya fito da sarautar da yake riƙe, mai kuruza kuwa so yake a ce shi kaɗai ne. Ga kuma abin mamaki: mutum dubu za su buɗe kundi ɗaya, su zaɓi bututu ɗaya da ƙaho ɗaya, kowannensu yana jin ya fita daban. A ganina ainihin daɗin yana wani wuri, a cikin daren da mutum ya yi da sufana a hannu, da sanin kowane ƙusa na abin da yake hawa. Akwai kuma dalili na jiki da ba a cika faɗa ba. Masana'anta tana auna mutum matsakaici, alhali gajere da dogo da mai ciwon baya duk suna saye, kuma sirdi da ƙaho su ne wurin da babur ke haɗuwa da jiki.

Ƴancin nan yana da waɗanda ke biyan kuɗinsa. Bututun da aka buɗe yana hana unguwa barci, injin da aka sake wa ma'auni yana ƙara hayaƙi. Tun da kwamfuta ta karɓi aikin auna mai da iska daga hannun kaburato, gyara ya tashi daga zarto ya koma ga ƙaramar na'ura da ake jona wa babur a sauya masa lissafi. A 2016 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa Harley-Davidson biyan tarar dala miliyan 12 saboda sayar da irin waɗannan na'urori kusan 340,000 da ke sa babur wuce iyakar hayaƙi. A 2022 kuma hukumar kula da ciniki ta wannan ƙasa ta tilasta wa kamfanin gyara takardun garantinsa, waɗanda ke cewa garanti ya ɓaci in mutum ya sa kayan wani kamfani ko ya kai gyara garejin da ba nasu ba. Hukuma ɗaya ta ce wa mai babur akwai wurin da hannunsa ba zai kai ba, ɗayar ta ce wa kamfani abin da ya sayar ya bar hannunsa.

Tseren ma ya dawo. A 2020 aka fara gasar King of the Baggers a filin Laguna Seca na Kalifoniya, inda manyan baburan tafiya na Harley-Davidson da Indian ke kwanciya a kwana da akwatunansu a gefe, an rage musu nauyi, an ɗaga musu ƙafa, an sa musu birkin tsere. Masu kuruza na titi sun kwaikwaya: wani ɓangare na kuɗin da a da ke tafiya ga ƙarfe mai walƙiya, yanzu sifiri da birki da taya ake saya da su.