Daga Akwatin Ƙarfe Zuwa Manhaja: Tarihin Ƙawata Murya Tsakanin Tawa da Sakkwato

Mafi yawan waƙoƙin zamani da ake ji a wayoyin matasan Ibohamane, da na Kaita da Buza da Madawa, suna ɗauke da wata murya mai karkarwa kamar ta ƙarfe, da amsa-kuwwa a bayanta. Wannan sauti yana da tarihi, kuma jihar Tawa tana da kaso a cikinsa.

A da, duk wani ado da ake yi wa sauti na'ura ce mai zaman kanta. EMT 140, wadda Jamusawa suka ƙera a 1957, faranti ne na ƙarfe a cikin akwati mai nauyin kilo 270. Space Echo na kamfanin Roland, na 1974, da zaren kaset yake maimaita murya. Irin waɗannan kaya sai gidan rediyo ko babban sitidiyo. Shi ya sa a 1978 Mamman Sani ya je gidan rediyon ƙasa a Yamai domin ɗaukar kiɗan da yake yi da organ ɗinsa ƙirar Italiya. A Kano kuwa, a ƙarshen shekarun 1990, fiyanon Yamaha ne ya zama gangar waƙoƙin fim, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna a bincikensa.

Sauyi ya zo a 1996, lokacin da kamfanin Steinberg ya fito da tsarin VST, wanda ya mai da waɗannan akwatuna manhajoji a cikin kwamfuta. A 1997 Andy Hildebrand, injiniyan da ya yi aikin binciken man fetur, ya fitar da Auto-Tune domin gyara muryar da ta kauce wa kari ba tare da mai saurare ya lura ba. Masu sitidiyon Kano ba su nemi ɓoye shi ba. Sun murɗa shi har ƙarshe, ya zama salo.

Wannan salon ne ya kai Mdou Moctar, mai kaɗa jita ɗan yankin Abalak da ke arewa da Kaita, zuwa Sakkwato a 2008. A can ya ɗauki kundinsa na farko, Anar: waƙa da harshen Tamashek, amma ado irin na fim ɗin Hausa. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta katin memori, har Ba'amurke Christopher Kirkley ya sa ɗaya daga cikinsu a tarin Music from Saharan Cellphones a 2011.

Ba zaƙin sauti ne ya bai wa manhaja rinjaye ba. Arha ce da sauƙin yaɗuwa. Akwati ɗaya da saiti ɗaya yake aiki a lokaci guda, ga kuɗin kwastan, ga ƙurar hunturu, ga rashin mai gyara. Manhaja kuwa ana ɗora ta kan muryoyi goma, a kwafe ta a bai wa aboki, sau da yawa ba da izinin mai ita ba. Amma tana da nata aibin. Tsohuwar kwamfuta takan jinkirta sauti, mawaƙi ya ji muryarsa bayan ya furta, kari ya ɓace masa; wuta ta ɗauke, aikin yini ya tafi. Akwati ba ya jinkiri, kuma hannu ko ƙafa na sarrafa shi nan take. Ba mamaki da Mdou Moctar ya hau manyan dandamali ya dogara da amfilifaya da ƴan akwatunan da ake takawa da ƙafa, kamar yadda ake ji a Afrique Victime na 2021.

Ga ƙungiyoyin da ke ɗaukar muryoyin makaɗan gurmi da kalangu a Adar, bambancin da ya fi nauyi wani ne daban. Amsa-kuwwar da akwati ya shigar cikin kaset ta zauna ke nan, ba mai cire ta. Manhaja tana barin asalin murya yadda take, a ɗora ado a sauke. Sai dai wannan falala tana tsayawa ne muddin an adana fayil ɗin farko. Abin da aka saba gani shi ne a goge shi don samun wuri, a bar ƙaramin MP3 da aka riga aka ƙawata, wanda shi ne ke yawo a kasuwa.